Manomi, ka san bugun zuciyarka?

Zuciya ita ce injin jiki. Dare da rana tana tura jini, ba ta hutawa. Duk lokacin da ta buga, jini yakan motsa a cikin jijiya, kuma ana iya jin motsin da yatsa. Ra'ayinmu shi ne, ya kamata kowane manomi, da kowace mace mai aikin ƙarfi, da kowane ɗan kokowa a gundumomin Magariya da Dungas ya iya ƙirga bugun zuciyarsa, kamar yadda ya iya ƙirga damman hatsinsa.

Darasi daga masu tsere

A ƙasashen duniya akwai wata gasa da ake kira tirayatalon, wato tsere mai kashi uku. Tun shekarar 2000 aka sa ta cikin wasannin Olamfik. Ɗan wasa yakan yi iyo na kilomita ɗaya da rabi. Da ya fito daga ruwa sai ya hau keke, ya yi kilomita 40. Da ya sauka sai ya yi gudu na kilomita 10. Duk a jere, babu hutu.

Waɗannan mutane ƙarfafa ne, amma ba su dogara da ƙarfi kaɗai ba. Sukan ɗaura wata ƴar na'ura a ƙirji ko a hannu, mai ƙirga bugun zuciya. Wani kamfani na ƙasar Finlan mai suna Polar ne ya fito da irinta marar waya a 1982. Idan na'urar ta nuna bugun ya hau da yawa, sai ɗan wasa ya sassauta. Ya san wanda ya ƙone ƙarfinsa a cikin ruwa ba zai kai ƙarshen gudu ba. Sun kuma lura cewa a cikin ruwa bugun yakan yi ƙasa kaɗan, saboda sanyin ruwa da kwanciyar jiki. Don haka mai iyo yana da nasa ma'auni dabam.

Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna cewa yawancin waɗanda suka mutu a wannan gasa, wajen iyo suka mutu. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da ciwon zuciya a ɓoye. Ashe ƙaton damtse ba ya nuna lafiyar zuciya.

Namu tseren ya fi nasu tsawo

Ɗan wasa yakan gama tserensa cikin awa biyu ko uku. Manomi kuwa yakan kama hauya tun da sassafe har rana ta take. Mai garka a fadamun Korama, wajen Bande da Waca, yakan yini yana ban ruwa ko saran rake. Mace takan ja guga, ta yi daka, ta ɗauko itace, ga goyo a baya. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Idan mai wasa yana tattalin zuciyarsa don ya ci gasa, mai ciyar da gida ya fi shi bukatar yin haka.

Na'urar tana da tsada. Amma Allah Ya ba kowa yatsu, kuma a yau da wuya a rasa agogo ko salula a gona.

Yadda ake ƙirgawa

1. Ka zauna, ka buɗe tafin hannunka na hagu.
2. Ka ɗora yatsu biyu na dama a wuyan hannu, ƙasa da gindin babban yatsa. Kada ka yi amfani da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugu.
3. Ka danna a hankali har ka ji motsi.
4. Ka ƙirga na sakan 30, wato rabin minti, sannan ka ninka biyu. Idan ka samu 36, bugunka 72 ke nan a minti ɗaya.

Zuciyar babban mutum mai lafiya, idan yana hutawa, takan buga tsakanin sau 60 da sau 100 a minti. Ta wanda ya saba motsa jiki sosai tana iya yin ƙasa da 60 ba tare da wata illa ba. Ta ƙananan yara ta fi sauri. Ka ƙirga naka da safe kwana uku a jere, kafin ka fara aiki, ka rubuta. Wannan shi ne bugunka na kullum.

Ga wani lissafi da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi wajen aiki cikin zafi. Ka cire shekarunka daga 180. Mai shekara 40 zai samu 140. Mai shekara 60 zai samu 120. Idan bugunka ya daɗe sama da wannan, aikin ya yi wa zuciya nauyi. Haka kuma idan ka huta minti ɗaya amma bugun bai sauko ƙasa da 120 ba, kada ka koma kunya tukuna. Ka shiga inuwa, ka sha ruwa.

Abin da bugu ke faɗa

Ƙishirwa tana ƙara saurin zuciya, domin gumi yana rage ruwan jiki. Zazzaɓi ma haka. Ga shi kuma zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa da damina, daidai lokacin da aikin gona ya yi tsanani. Ƙarancin jini shi ma yana sa zuciya gudu, musamman ga mata masu ciki. Mai jego da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, zuciyarta na sauri, a kai ta gidan likita ba da jinkiri ba. Likitoci sun daɗe da sanin ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa.

A garzaya asibiti idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon ƙirji lokacin aiki, jiri ko suma, haki mai tsanani, bugun da ke tsalle ba bisa tsari ba, ko bugun da ya zauna sama da 100 alhali mutum na hutawa.

Masu cewa raki ne

Wani zai ce kakanninmu sun yi noma ba su ƙirga komai ba. Gaskiya ne. Amma sau nawa muka ji an ce wane ya faɗi a gona, lafiyarsa ƙalau da safe? Ajali na Allah ne, kula da jiki kuma amana ce.

Wani kuma zai ce a wurin gayya kunya ce namiji ya zauna ana kiɗa. Wannan kunyar ce ke kai wasu samari ga shan ƙwayar taramol don kada su ji gajiya. Ƙwayar ba ta ƙara wa zuciya ƙarfi. Tana rufe bakin gajiya ne kawai, alhali gajiya ƴar aike ce daga jiki. Hutun minti goma a inuwa ya fi jinyar wata guda a tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ba ta jiran kowa.

Sai dai a kula: yatsa ba ya gane hawan jini. Mutum na iya samun bugu daidai alhali jininsa ya hau. Wannan sai an auna da abin awo a gidan likita. Duk wanda ya kai shekara 40 ya riƙa zuwa awo, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Kiranmu

Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci su sa ƙirgar bugun zuciya cikin darasin lissafi. Ga ƙirga, ga ninkawa, ga ɗebewa, duk a hannun ɗalibi. Ma'aikatan lafiya na ƙauyuka, daga Malawa har Dogo-Dogo, su nuna wa mata ranar awon ciki. Sarakunan noma su tanadi ruwa da lokacin hutu a kowace gayya. Masu horar da ƴan kokowa su ma su koya. Tun 1975 ake gasar takobi a Nijar, kuma jihar Damagaram tana da suna a fagen. Yaron da ke mafarkin takobi ya fara da sanin zuciyarsa.

Mai karatu, ka gwada yau kafin ka ajiye jaridar nan. Gobe ka koya wa iyalinka da maƙwabcinka. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu lafiya da damina mai albarka.