'Yan Dakon Da Ba A Gani: Abin Da Ya Kamata Ɗalibin Alelu Ya Sani

Dattawan Alelu da Jega da Maiyama ba su manta da zamanin kulorokwin ba. Ƙwaya ce mai araha wadda ta daɗe tana kashe zazzaɓin cizon sauro, har ranar da aka wayi gari tana ɗaci a baki amma ba ta sauke zafin jiki. A shekarar 2005 Nijeriya ta sauke ta daga matsayin maganin farko. Jama'a da yawa sun ɗora laifin a kan jabun magani, kuma lalle akwai jabu. Amma asalin matsalar tana cikin jikin ƙwayar cutar kanta.

A makarantun sakandare ana koyar da cewa kowace ƙwayar halitta tana da tantani da ya kewaye ta, sai malami ya zana da'ira a allo ya wuce. Wannan gajarta darasi ne. Tantanin nan cike yake da wasu nau'o'in furotin masu aikin 'yan dako, kamar masu lodin buhunan albasa a kasuwar Aliero: wannan ya shigar da sukari, wancan ya fitar da gishiri, kowa da kayan da ya sani.

Ƙwayar zazzaɓi tana shiga jar ƙwayar jini, ta haɗiye sinadarin da ke ba jini launinsa, ta narka shi a cikin wata 'yar jaka mai kama da tumbi. Narkawar tana fitar da guba, wadda ƙwayar ke daskararwa don kada ta halaka ta. Kulorokwin yana taruwa a jakar ne ya hana daskararwar. A shekarar 2000 David Fidock da Thomas Wellems da abokan aikinsu a Amurka suka bayyana wani ɗan dako mai suna PfCRT, wanda ɗan canji a gurbi na 76 na jerin ginshiƙansa ke da babban hannu wajen ba shi ikon kwashe maganin ya fitar da shi waje.

To, yaya aka san inda yake zaune, alhali madubin likita ba ya iya nuna shi? Da antibodi aka gano shi, wato sinadarin garkuwa da jiki ke ƙerawa don ya damƙe baƙon abu guda takamaimai. Akan sa dabba ta ƙera antibodin furotin ɗin da ake nema, a liƙa masa rini mai ƙyalli, a zuba a kan ƙwayoyin. Duk inda haske ya tashi, nan furotin yake. Albert Coons ne ya fara wannan dabara a 1941. Da aka gwada ta a kan PfCRT, sai haske ya zagaye jakar narkawar, daidai inda maganin ke aiki.

Wannan ba labarin Turai ba ne kawai. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran Jihar Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha. Maganin rigakafin da ake rabawa yara gida-gida da damina kuwa yana ɗauke da amodiyakwin, ɗan'uwan kulorokwin, kuma ɗan dakon nan yana iya rage ƙarfinsa. Ashe sa masa ido wajibi ne.

Wani zai ce aikin ya fi ƙarfin nan, ga tsada, ga buƙatar firji da wutar da ba ta yankewa. Gaskiya ne. Haka kuma antibodi kan yi kuskure ya kama furotin da ba shi ake nema ba, kuma gano canjin gurbi na 76 sai da gwajin ƙwayar gado. Amma ai antibodi ya riga ya iso: shi ne ke fito da layin da ke bayyana a ɗan katakon gwajin zazzaɓi na kowane asibitin karkara, sai dai wani furotin daban yake kamawa. Malamin da ya shiga aji da wannan ɗan katako ya riga ya yi rabin darasin. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ita ta fi cancanta ta ɗauki sauran rabin, ta tanadi firji mai aiki da hasken rana da madubi mai ganin ƙyalli, domin a riƙa nazarin jinin yaran Maiyama a Aliero, ba sai an tura shi ƙetare ba.