A Sassaƙa Rubutun Akwatin Lantarki

Duk akwatin wutar lantarki, musamman na sola, yana buƙatar rubutun da ke nuna aikin kowane makunni, kuma bai kamata a bar wannan ga takardar firinta ba. Tawada tana koɗewa a rana, gam yana saki da zafi, ranar gobara kuwa ba lokacin lalube ba ce. Na'urar leza tana ƙone saman roba mai launi biyu har launin ƙasa ya fito, don haka harafin ba ya gogewa. Masu kukan tsada suna da hujja, amma ba sai kowa ya mallaki na'urar ba, shago ɗaya zai wadatar da masu gyaran wuta da yawa. A dai guji robar PVC, domin ƙona ta yana fitar da hayaƙi mai guba.