Yabon Kai Jahilci? Tsokaci A Kan Takardar Bayanin Kai Ta Masu Neman Karatun Likita

Mai karatu, idan kana da ƙane ko ƙanwa da suka gama sakandare a ajin kimiyya, to na tabbata ka san irin zazzaɓin da ake kira “medisin”. A unguwarmu ta Shamaki, kamar sauran unguwannin birnin Gombe, da wuya ka tambayi yaro mai ɗan ƙoƙari abin da yake so ya karanta bai ce maka likita ba. Iyaye ma haka suke so. Tun daga aji huɗu ake fara kiran yarinya “Dakta” a gida, alhali ko kwaɗo ba ta taɓa feɗewa ba. Ni ban ga laifin buri ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata 'yar takarda da ake neman waɗannan ƙanne namu su rubuta, wadda nake ganin ana yi mata riƙon sakainar kashi, wato takardar bayanin kai.

Ga wanda bai san ta ba, takarda ce da mai neman gurbin karatu yake rubutawa da kansa, ya faɗi dalilinsa na son kwas ɗin da ya zaɓa, da irin shirin da ya yi masa. A nan gida ba a cika neman ta ba. Hukumar JAMB maki take dubawa, sai kuma tantancewar da jami'o'i suka fara yi tun 2005. Wanda ya nufi Jami'ar Jihar Gombe da ke Tudun Wada, ko Maiduguri, ko Zariya, lissafinsa yana kan sakamakon jarrabawa. Amma da zarar an leƙa waje, sai labari ya sha bamban. Gwamnatin Turkiyya, wadda takan buɗe ƙofar tallafin karatunta a farkon shekara, tana neman irin wannan bayani, kuma ga mai son likitanci sai yana da maki kashi 90 cikin ɗari. Ƙasar Hangari ma tana neman wasiƙar bayyana manufa. A Ingila kuwa, hukumar UCAS ce take karɓar takardun, kuma ranar 15 ga Oktoba take rufe ƙofa ga masu neman likitanci. Haruffa 4,000 kacal aka yarda a rubuta, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wato abin da bai wuce kalmomi ɗari shida da 'yan kai ba. Daga masu shiga a 2026 an raba takardar zuwa tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan kwas, yaya karatunka ya shirya ka, sannan me ka yi a wajen makaranta da zai taimaka maka.

Wani zai ce, “Kai malam, yara nawa ne a Shamaki iyayensu za su iya biyan kuɗin makarantar likita a Ingila?” Gaskiya ne, ba su da yawa, watakila ma a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Amma masu neman tallafin karatu kyauta ba sa ƙirguwa, kuma wanda ya tsallake takardar yau zai gamu da ita gobe idan ya tashi neman digiri na biyu. Bayan haka, tambayoyin nan uku sun dace da mai cike fom ɗin JAMB ma, ko da babu wanda zai karanta amsarsa.

To yaya ake rubuta ta a wajenmu? Hanya biyu na sani. Ta farko, a je shagon kwamfuta a ce wa mai shago ana son “irin takardar nan”, shi kuma ya buɗe wadda ya yi wa wani bara, ya canja suna da gari, ya karɓi kuɗinsa. Ta biyu, wadda ta fi tashe yanzu, a umarci ChatGPT ya tsaro ta cikin daƙiƙa goma. Duk biyun abu ɗaya suke haifarwa: Turanci mai sheƙi wanda ba shi da mai shi. Kowa “tun yana ƙarami” yake ƙaunar taimakon bil'adama, kowa jikin ɗan'adam yana ba shi mamaki. Wannan cuta ba tamu ce mu kaɗai ba. A 2007 hukumar UCAS ta bayyana cewa ta samu masu neman gurbi 234 da kowannensu ya ba da labarin yadda ya ƙona rigar barcinsa yana ɗan shekara takwas garin gwajin kimiyya. Labari ɗaya ne suka kwaso daga intanet. Tun daga lokacin hukumar take tace kowace takarda da na'ura, tana gwada ta da waɗanda suka gabata, idan ta ga kama ta sanar da jami'a. Ko da ma na'ura ba ta kama ka ba, akwai ranar ganawa ido da ido, inda za a ce ka yi ƙarin bayani a kan abin da ka rubuta. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Amma ni a ganina lalaci ba shi ne tushen matsalar ba. Tarbiyyarmu ce take karo da buƙatar takardar. An raine mu a kan kunya da kawaici, an koya mana cewa yabon kai jahilci ne. Yaron da ya zo na ɗaya, idan aka tambaye shi sakamako, cewa zai yi “an dai gode Allah”. Sai ga shi rana tsaka an ce ya cika shafi da “na yi kaza, na iya kaza”, cikin harshen da ba a yi masa rawar 'yar tsana da shi ba. Dole ya ji nauyi, dole ya gwammace ya ɓuya a bayan kalmomin wani. Inda nake ganin an yi wa takardar mummunar fahimta shi ne a ɗauke ta a matsayin kirari. Ta fi kusa da shaida a gaban alƙali. Mai shaida ba ya cewa “ni mutumin kirki ne”, abin da ya gani yake faɗa, da lokacin da ya gan shi, alƙali ya yanke hukunci. Idan ka rubuta “ina da tausayi da juriya”, ka yabi kanka, kuma babu mai yarda. Idan ka rubuta cewa ka yi kwana goma sha biyu kana jinyar kakarka, kai ne kake fassara mata maganar likita daga Turanci zuwa Fulatanci, har ka lura cewa takan ce “to” ga abin da ba ta gane ba don kada ta kunyata likita, to ka ba da shaida, kuma ba ka karya ko ɗaya daga cikin dokokin kunya ba.

A nan ne nake ganin ɗan Gombe ya fi ƙarfin aro. Ɗan Landan sai ya yi ta neman alfarma kafin a bar shi ya yi mako guda yana kallon aiki a asibiti. Mu kuwa tsarin asibitocinmu ya ɗora rabin jinya a kan dangi. Wane gida ne a Shamaki ba a taɓa aiken yaro da kwanon abinci Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ba? Wa bai taɓa bin layin sayen magani ba, ko yawon neman mai ba da jini da tsakar dare? Akwai wanda ya tashi ɗaki ɗaya da mai ciwon sikila, ya san yadda sanyin hunturu yake tayar da ciwon. Akwai wadda ta ga yadda ake jinkirta kai mai naƙuda asibiti saboda maigida ba ya nan. Duk wannan ilimi ne, sai dai mun saba da shi har mun daina ganin sa. Abin da ake nema shi ne ka ɗauki abu ɗaya ko biyu, ka faɗi tambayar da suka tayar maka, da inda ka je neman amsa. Sunan majinyaci kuma ba ya shiga takarda, domin rufa asirin marar lafiya shi ne darasin farko na aikin. Haka kuma, ɗan'uwa, idan ka taɓa zama a kyamis ɗin yayanka har kana yi wa mutane allura, kada ka kuskura ka rubuta shi da sunan gwaninta. A idon mai tantancewa, ka nuna ke nan ba ka san iyakarka ba.

Saura batun da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A tsarin UCAS zaɓi biyar ake da shi, amma huɗu kawai aka yarda a ba likitanci, don haka da yawa sukan cike na biyar da kimiyyar binciken lafiya, kuma takarda ɗaya ce take zuwa wa duka biyar ɗin. Mu ma muna da irin wannan, ta wata siga. Majalisar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makarantar likita za ta ɗauka, shi ya sa dubbai suke nema, kaɗan suke samu, sauran a tura su anatomi ko fiziyoloji ko bayokemistiri. Sai yaro ya shekara huɗu yana karatu da ɓacin rai, yana jin kamar an ba shi sauran tuwo.

Mu je Kaltungo mu gani. Manomi ko makiyayi da kububuwa ta sara, idan aka kawo shi asibitin masu saran maciji na garin, akan ɗebi jininsa a zuba a 'yar kwalba mai tsabta a jira minti 20. Idan jinin bai daskare ba, an san dafi ya shiga, sai a ba shi magani. Likita ne yake tsaye a kansa, shi yake yanke shawara, shi yake kwantar wa dangi hankali. Amma maganin da ke cikin sirinjin, irin su EchiTAb, wasu ne suka yi shi: masana da suka tatsi dafin macizan Nijeriya tare da haɗin gwiwar makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, aka sarrafa wani a Birtaniya daga jinin tumaki, wani kuma a Kosta Rika daga jinin dawaki. Wanda ya yi wannan aiki watakila bai taɓa ganin fuskar manomin ba. Yanzu ka tambayi kanka, a cikin wannan labari ina zuciyarka ta fi tsayawa? A bakin gado, ko a kan tambayar me ya sa dafin yake hana jini daskarewa? Wanda ya amsa wannan da gaskiya ya gama rabin takardarsa. Idan kuwa takarda ɗaya za ta je wa kwas biyu, shawarata ita ce a rubuta ta don likitanci kai tsaye, a bar son kimiyyar ya fito a cikinta, sannan a tuntuɓi jami'ar zaɓi na biyar a ji ko tana karɓar irin wannan, domin wasu suna karɓa, wasu kuma sukan nemi a aiko da wata daban.

To ina ruwan ɗaliban Hausa da wannan? Ruwanmu har da tsaki. Mu ne ake koya wa tsara zance, da bambancin ƙwarya da ƙawa a rubutu. Ina ganin ya kamata duk ƙanen da ya zo mana mu hana shi fara wa da Turanci. Mu zaunar da shi, mu yi masa tambayoyin nan uku da Hausa, ya amsa da baki, mu riƙa katse shi da “yaushe?” da “sai me ya faru?” har sai gaskiyar ta fito. Daga nan ya rubuta da Hausa. Bayan kwana biyu ya ajiye ta gefe ya sake rubutawa da Turancinsa mai sauƙi, ba fassarar kalma da kalma ba. Malamin Turanci yana iya gyara masa nahawu, amma kada ya ƙara masa ko jimla ɗaya da ba daga bakinsa ta fito ba. Ƙungiyar ɗalibanmu za ta iya ware Asabar biyu don wannan a lokacin dogon hutu, wajen watan Agusta, a nemi aron aji guda a wata makarantar unguwa, tun da masu Ingila sai sun miƙa kafin tsakiyar Oktoba, masu Turkiyya kuma suna da sarari har zuwa farkon sabuwar shekara.