Ra'ayinmu: Garin 'Yan Tsere Bai Tanadi Inda Tsoho Zai Taka Ba

Duk wanda ya fito da sassafe a Jos zai ci karo da matasa cikin kayan wasanni suna gudu a gefen titi, sanyi bai hana su ba. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma iskar wannan tudu ce ta reni 'yan tseren dogon zango irin su Deborah Pam, wadda ta sha zuwa kan gaba a cikin matan Nijeriya a gasar gudun famfalaƙi ta Legas. A nan aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, kuma ƙungiyar Plateau United ta ɗauki kofin gasar Firimiyar Nijeriya a 2017.

Sai dai a cikin masu fitowar nan da wuya ka ga dattijo mai furfura, da wuya ka ga uwar 'ya'ya. Mun ɗauki motsa jiki tamkar harkar samari da masu neman lambar yabo, alhali waɗanda suka fi buƙatarsa suna zaune a zaure ko a tsakar gida.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 sun nemi yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, baligi kuma minti 150 zuwa 300 a mako, ko da tafiya ce da ɗan sauri. Wanda ya kai shekara 65 an ƙara masa atisayen ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa kwana uku a mako, don gudun faɗuwa. Alƙaluman da hukumar ta fitar a 2024 sun nuna kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato mutum biliyan 1.8, ba sa cika wannan ma'auni. Sakamakon ba ɓoyayye ba ne: hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Iyalin da suka taɓa jinyar mai shanyewar jiki sun san yadda take cinye jari, ta hana 'ya'ya neman abinci.

Kakanninmu a Jos ba su san wannan matsala ba kamar yadda muka san ta. Mai haƙar kuza, da manomin acca da dankalin Turawa, da mai ɗaukar kaya zuwa kasuwar Taminus, duk jikinsu yana aiki daga safe zuwa yamma. Yau Keke Napep ya ɗauke tafiyar da ba ta kai minti goma ba, wayar hannu ta ɗauke wasan dandali, makarantu masu zaman kansu da dama kuwa an buɗe su ne a gidajen haya da ba su da ko filin da yara za su yi tsalle. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya tashi a zaune, a zaune zai tsufa.

Akwai kuma dalilan da suka shafi Jos ita kaɗai. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwanni, har mutane da yawa suka taƙaita zirga-zirgarsu ga layukan da suka amince da su. Inda aka yi wa masu tafiya a ƙasa hanya a gefen titi, 'yan tireda da motocin da aka ajiye sun mamaye ta. Dattijon da idonsa ya yi rauni ba zai yi kasadar gogayya da ababen hawa a Titin Bauchi ko Farin Gada ba.

Mu ma a gida muna da laifi, ko da yake da kyakkyawar niyya. Da zarar uba ya yi ritaya ko uwa ta aurar da 'ya'ya, sai a ce su zauna su huta, a hana su shara, a hana su zuwa kasuwa, a kai su masallaci ko coci a mota. Wannan girmamawa ce, amma tana raunana ƙafar da ake so ta daɗe tana ɗauke da mai ita.

Don haka muna kira ga gwamnatin Gwamna Caleb Mutfwang da Hukumar Raya Birnin Jos su ɗauki hanyar masu tafiya a ƙasa a matsayin sharaɗi a duk titin da za a gina ko a gyara, su kuma kare wadda ake da ita. A buɗe filin wasa na Rwang Pam da filayen makarantun gwamnati kyauta da safe, a ware wa mata lokacinsu, domin rashin sirri ne ke hana da yawansu fitowa. Kada a ba sabuwar makaranta lasisi sai tana da filin wasa. Ƙananan asibitocin unguwanni su riƙa auna jinin dattawa suna ba su shawarar irin motsin da ya dace da su, musamman masu ciwon zuciya ko gwiwa, da kuma lokacin hunturu da ya fi kyau a jira rana ta fito. Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa da ke Abuja ita ma ya kamata a ji ɗuriyarta a Filato. Limamai da fastoci kuwa, kalma ɗaya daga bakinsu ta fi tallar rediyo goma tasiri.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekarun tsufa cikin ƙoshin lafiya, kuma an ci fiye da rabinsu. Jos tana da iska mai daɗi da tuddan da wasu garuruwa ke sha'awa. Abin da ya rage shi ne a ba kaka da jikanta wurin da za su taka tare ba tare da fargaba ba.