Sharhi: Miliyoyin wasan sararin samaniya ba sa sayen tiyar gero a Baudeta

Duk wanda ke leƙa YouTube ko TikTok zai iya cin karo da irin bidiyon nan da ke koya wa sabon shiga yadda zai tara miliyoyi a makonsa na farko cikin wasan EVE Online. Ana nuna masa jirgin da zai hau, da duwatsun sararin samaniya da zai haƙa, da kasuwar da zai kai ma'adinin ya sayar. Masu bidiyon ba su yi ƙarya a lissafi ba, domin miliyoyin suna taruwa. Abin da ba kasafai ake tsayawa a bayyana wa matashin da ke kallo daga fadar shayi a Maraɗi ko Tasawa ba shi ne, waɗannan miliyoyi na ISK ne, kuɗin cikin wasan, kuma dokar wasan ta haramta canja su zuwa sefa ko naira ko dala.

Batun ya cancanci a tsaya a kansa, ganin yadda kalmar "mainin" ta riga ta zauna daram a bakin matasan ƙasar Hausa, daga Kano har ƙauyukan jihar Maraɗi irin su Baudeta da ke gundumar Tasawa. Duk wani sabon wasa da aka ce ana haƙa a cikinsa, kunne na saurin karkata gare shi.

EVE Online ba sabon abu ba ne. Kamfanin CCP na ƙasar Iceland ne ya fitar da shi a shekarar 2003, kuma har yau dubban mutane na shiga duniya guda a lokaci guda, suna haƙar ma'adinai, suna ƙera jirage, suna fatauci, suna yaƙi. Kasuwarsa ta yi girman da a 2007 kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki, Eyjólfur Guðmundsson, aiki don ya riƙa sa ido kan farashi da hauhawarsa. Sabon shiga yakan samu ƙaramin jirgin haƙa mai suna Venture kyauta bayan ya kammala darussan farko, ya je ya kafe a gaban dutse na tsawon awanni yana cika rumbun jirginsa. Idan ya yi sake, wasu 'yan wasan su far masa su tarwatsa jirgin, kuma wannan ba laifi ba ne a dokar wasan. Damfara ma halas ce a can, muddin ta tsaya a cikin wasa.

Yadda kuɗin gaske ke shiga wannan duniya a fili yake. Mai dala yana sayen wani abu da ake kira PLEX daga kamfanin, ya sayar da shi a kasuwar wasan ya karɓi ISK. Wanda ya tara ISK kuma yana iya sayen PLEX ya biya kuɗin wata da shi. Iyakar ribar da doka ta yarda da ita ke nan: mutum ya yi wasa ba tare da ya biya daga aljihunsa ba. Ƙofa ce mai buɗewa ta gefe guda, kuɗi na shiga amma ba sa fita. Shi ya sa idan aka ji cewa a yaƙin B-R5RB na watan Janairun 2014 an yi asarar jiragen da darajarsu ta kai kimanin dala 300,000, ya kamata a fahimci cewa ƙiyasi ne na abin da za a kashe a saye su. Ba wanda ya fita daga yaƙin nan na awa 21 da ko sisi a asusunsa na banki. Abin dariya ma, rigimar ta samo asali ne daga wata ƙungiya da ba a biya mata kuɗin hayar yankinta a kan lokaci ba.

Akwai waɗanda suka bi ta bayan gida. A 2009 wani ɗan ƙasar Ostireliya da ke shugabantar wani banki na cikin wasan ya kwashe ISK biliyan 200 na masu ajiya, ya sayar a ɓoye kan abin da bai wuce dala dubu biyar da 'yan kai ba. Kamfanin ya kore shi, kuma dalilin korar shi ne sayarwar da ya yi da kuɗin gaske, satar kanta ba ta saɓa wa dokar wasan ba. Wannan mutum ne da ya kai ƙololuwa, wanda dubban 'yan wasa suka amince masa. Sai a auna abin da zai rage wa wanda ya shiga jiya da ƙaramin jirgin kyauta.

Yanzu a dawo da lissafin gida. Cikakken EVE Online na buƙatar kwamfuta mai ɗan ƙarfi, da intanet da ba ya yankewa, da wutar da ba ta ɗaukewa. Ana iya farawa kyauta tun daga 2016, amma da takunkumi a kan jirage da ƙwarewar da mutum zai iya samu. Cikakkiyar rajista kuwa kusan dala 20 ce a wata, wato sama da jaka goma na sefa, abin da ya kai wajen rubu'in mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka ɗaga zuwa sefa 42,000 daga farkon 2024. Akwai samfurin waya mai suna EVE Echoes da ya fito a 2020, shi ma yana shan data da caji. A gari irin Baudeta, inda rayuwa ta dogara ga gero da wake da gyaɗa da ɗan kiwo, kuma mai waya yakan biya kafin a yi masa caji, kowace awa da aka yi a gaban allo tana da farashi tun kafin a haƙo dutse ɗaya. Mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da ƙasar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta. A Venezuela, inda matasa da yawa suka koma tara zinariyar wasan RuneScape suna sayarwa don su ci abinci, ɗaukewar wutar da aka yi a 2019 ta tsayar da sana'ar cak na tsawon kwanaki.

Ba a musun cewa an taɓa cin abinci da irin wannan aiki. Wani bincike da Farfesa Richard Heeks na Jami'ar Manchester ya fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 400,000, akasarinsu a China, na rayuwa ne da tara kuɗin wasanni suna sayar wa 'yan wasan ƙasashe masu arziki. Sai dai aikin ƙwadago ne na awa goma ko fiye a rana, a ɗakunan da mai gida ya zuba kwamfutoci da janareta, kuma kaso mafi tsoka na tafiya ne ga dillalai. Duk ranar da kamfanin wasa ya gano asusun, ya rufe shi, jari da wahala sun tafi tare, babu kotun da za a kai ƙara.

Matasan ƙasar Hausa ma ba sa buƙatar a kai su China ko Venezuela kafin su gane zancen, domin sun ɗanɗana nasu. A watan Mayun 2024 aka fara cinikin sulallan Notcoin, wasu da suka shiga da wuri suka samu kuɗi na gaske, labari ya bazu kamar wutar daji. Daga nan kowa ya kama dangwalar waya: ɗalibi a aji, ɗan kabu-kabu a bakin tasha, mai shago, har da matan aure. Malamai suka shiga muhawarar halacci ko haramcin abin. Hamster Kombat, wanda aka fara a watan Maris na wannan shekara a manhajar Telegram, ya yi iƙirarin tara mutum miliyan 300. Da ranar rabo ta zo, 26 ga Satumba, miliyan 131 ne aka ce sun cancanta, aka kori sama da miliyan biyu bisa zargin maguɗi, kuma cikin ɗan lokaci farashin sulallan ya yi ƙasa da santi ɗaya na dala. Da yawa sun tashi da abin da bai biya kuɗin datar da suka ƙona ba. A yankin Tasawa da Mayahi, waɗannan watanni su ne daminar gaba ɗaya, tun daga sharar gona da shuka, zuwa noman farko da maimai, har gero ya isa girbi.

Labarin Pi ya fi wannan tsawo. Tun 2019 'yan baiwa ke latsa waya kullum, wasu na yaɗa cewa kowane sulalla zai kai dala 314,159. An buɗe kasuwarsa ranar 20 ga Fabrairun 2025, ya ɗan taɓa kusan dala uku, sannan ya gangaro ƙasa da dala ɗaya. Kafin su, mutanen Philippines sun ga yadda Axie Infinity ya ciyar da gidaje a 2021, daga bisani ladan wasan ya zube da sama da kashi 99 cikin 100, kuma a watan Maris na 2022 masu kutse suka sace fiye da dala miliyan 600 daga tsarinsa.

Idan aka dubi waɗannan duka, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: kuɗin da aka ce za a samu, daga aljihun wa zai fito? A wasannin dangwale, yawan jama'a shi ne hajar. Kowane mutum da aka gayyato, kowane bidiyo da aka tilasta wa ɗan wasa kalla kafin ya samu maki, talla ce da wani ya karɓi kuɗinta nan take, ɗan wasan kuma aka ba shi alƙawari. A EVE Online gaskiyar ta fi fitowa fili, domin kamfanin bai taɓa cewa wurin neman abinci ba ne. Nishaɗi yake sayarwa, kuma ya yi cinikin da a 2018 kamfanin Pearl Abyss na Koriya ta Kudu ya saye shi kan kuɗin da aka ce zai iya kaiwa dala miliyan 425.

Saboda haka ba wasan ne abin zargi ba. Wanda ke da hali ya yi wasansa, kuma akwai abin koyo a ciki: Turanci, lissafin riba da faɗuwa, karanta jadawalin farashi, aiki da mutanen da ba a taɓa gani ba. Zargi na kan masu tsayawa tsakanin wasan da matashi suna sayar masa da mafarki da harshensa. Su ne masu buɗe zaurukan WhatsApp da Telegram da Hausa, suna karɓar kuɗin "horo", suna raba mahaɗar gayyata da ke ƙara musu maki, suna nuna hoton asusun da ba wanda ya tantance. Irin waɗannan sun ci ribarsu tun ranar da aka yi rajista ta hannunsu, ko sulalla ya yi daraja ko bai yi ba. Ya kamata duk mai tallata irin wannan harka ya faɗi a fili abin da yake samu a kan kowane mutum da ya shigo ta hanyarsa. Hukumar ARCEP da ke kula da sadarwa a Nijar, da gidajen rediyon al'umma da ake saurare a karkara fiye da kowace kafa, suna da rawar takawa wajen bayyana wa jama'a da Hausa cewa waɗannan sulalla ba kuɗin da bankin BCEAO ke tsaya wa ba ne, kuma wanda aka cuta ba shi da ofishin da zai je.

Ba kuma daidai ba ne a tsaya ana yi wa matasan dariya ko a kira su malalata. Yankin da suka fito ya san haƙa ta gaske da abin da take ci. Tun da aka gano zinariya a Djado a 2014 samari ke barin ƙauyuka suna nausawa arewa, wasu su wuce Libiya ko Aljeriya, wasu su gangara Kano da Legas cin rani. A watan Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, nan cikin jihar Maraɗi, ya kashe aƙalla mutum 18. Saurayin da ya ga haka, aka ce masa ga wata haƙar da zai yi yana zaune a inuwar gawo ba tare da rami ya danne shi ba, ba wauta ya yi ba da ya saurara. Rani a wannan yanki wata bakwai ne zuwa takwas, kuma babu masana'antar da ke jiran sa. Muddin hukumomi ba su samar da abin yi a waɗannan watanni ba, ko noman rani ne ko koyon sana'a, to duk wanda ya zo da alƙawari a waya zai samu masu sauraro. Shigowar Starlink Nijar a 2025 na nufin intanet mai ƙarfi zai ƙara kusantar karkara, kuma masu tallan mafarki ba za su jira gwamnati ta shirya ba.

Sauran magana tana kan 'yan uwa da ke waje. Wayoyi da yawa da ke hannun samarin ƙauye, yayyensu ne da ke Agadas ko Abidjan ko Tripoli ko Faransa suka aiko da su, kuma su ne ake kira idan data ta ƙare ko an ce a biya wani kuɗi kafin a "buɗe" asusu. Kafin mutum ya nufi Nita ko Amana ya tura jaka biyar ko goma don irin wannan, yana da haƙƙin ya nemi ƙaninsa ya nuna masa mutum ɗaya da suka sani, wanda ya fara daga ƙasa kamar shi, ya cire kuɗin ya riƙe a hannu, sannan a cire abin da ya kashe a data da caji a ga abin da ya saura. Idan wasan EVE Online ne, ba sai an je neman wannan mutum ba, domin yarjejeniyar da kowane ɗan wasa ke amincewa da ita kafin ya shiga ta riga ta ce sayar da ISK da kuɗin gaske laifi ne da ke jawo rufe asusu.