Adalcin Haraji Ya Fara Daga Buhun Masara

Da Alhaji Balarabe Musa ya hau kujerar gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, cikin matakan farko da ya ɗauka akwai soke haraji da jangali. A lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin Kaduna, domin sai 1987 aka yanke Jihar Katsina. Har yau dattawan Bakori da Ƙafur ba su manta da zamanin da mai gari ke aiko da takardar haraji ba, magidanci ya ja akuyarsa kasuwa, ko ya sulale ci-rani da asuba don gudun wulaƙanci. Kukan da NEPU ta Malam Aminu Kano ta daɗe tana yi ke nan: kuɗin da ake ɗora wa mutum ba tare da an dubi abin hannunsa ba zalunci ne.

Sabuwar dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta yafe wa duk wanda samunsa na shekara bai wuce naira 800,000 ba, ba ta kuma ɗora VAT a kan abincin yau da kullum ba. Wannan jarida ta yaba.

Sai dai manomi ba a takardar albashi ake yankarsa ba. A bi buhun masara guda daga gona a Faskari ko Sabuwa zuwa kasuwar Dandume. A ƙauyuka da dama, kafin a karya kara ɗaya sai gari ya yi karo-karo ya kai wa 'yan bindiga kuɗin girbi. Mota ta hau hanya, ga shinge, ga masu tikiti, ga kuɗin ƙungiya, ga na shiga kasuwa, ga na lodi, wani da rasit, wani hannu kawai ake miƙowa. Ɗan kasuwa ba ya asara. A ciniki zai zabtare abinsa. Mai buhu biyar da ya ci bashin taki shi ke ɗauke da kayan, ga kuɗin mota da ya yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a Mayun 2023.

Mutanen yankin sun san ma'aunin da ya fi wannan. Zakkar amfanin gona kashi ɗaya ce cikin 10 ga noman damina, ɗaya cikin 20 ga mai wahalar ban-ruwa, wanda bai kai nisabi ba kuwa ba a karɓa a hannunsa, watakila ma shi za a ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya lissafa jangali cikin laifuffukan sarakunan zamaninsa.

Don haka wannan jarida na kira ga Gwamna Dikko Raɗɗa na Katsina da shugabannin ƙananan hukumomi da su haɗe kuɗaɗen kasuwa su zama guda, da rasit guda, a kafa allon farashinsa a bakin ƙofa. Tun 1998 doka ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. A aiwatar da ita. A riƙa bayyana abin da kasuwannin Dandume, Funtuwa da Malumfashi ke tarawa duk wata, a kuma nuna wa manoma inda ya tafi: hanyar ƙauyen da motar masara ke kafewa, da asibitin karkarar da ba ya da magani.