Ninkin Takarda da Ɓoyayyen Zance: Darasi ga Makarantunmu na Kudancin Kano

Gabatarwa

Da wuya a sami yaron firamare a Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa wanda bai taɓa yage warƙa ɗaya daga littafinsa ya ninka jirgin ruwa ko jirgin sama ba. Abin da yakan samu kuwa a wajen malami shi ne bulala, don an ɗauki abin shiririta ne. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce nuna cewa wannan shiriritar ilmi ce babba, kuma ya kamata mu ɗaliban Hausa mu rubuta wa yaranmu littattafan koyar da ninkin takarda, mu ɓoye wasa ƙwaƙwalwa a cikinsu, yadda sai wanda ya yi aiki da hannunsa da hankalinsa zai gano shi.

Asalin abin a wasu ƙasashe

Japanawa su ne suka fi shahara da wannan fasaha, suna kiranta origami. A shekarar 1797 aka buga musu wani littafi mai suna Hiden Senbazuru Orikata, watau asirin ninka gauraki dubu. A ciki akwai fasali 49 na tsuntsaye manne da juna, kowanne daga warƙa ɗaya, tare da gajerun waƙoƙi. Littafin yakan nuna wa mai karatu inda zai tsaga takarda da kuma siffar da za ta fito a ƙarshe, sauran aikin kuwa sai ya gano da kansa. A Jamus, Friedrich Froebel ya sa ninkin takarda cikin darussan makarantar ƙananan yara. A Madras ta Indiya kuma, T. Sundara Row ya wallafa littafi a 1893 wanda ya koyar da lissafin siffofi ta hanyar ninki kaɗai.

Game da ɓoye sirri cikin littafi, a 1979 wani mai zane a Ingila, Kit Williams, ya fitar da littafin Masquerade. Ya binne zomon zinariya, ya ɓoye kwatancen wurin a cikin hotuna, jama'a suka yi ta nazarin kowane shafi har aka tono zomon a Ampthill a 1982.

Namu na gida

Kada mai karatu ya zaci sai mun yi aro daga waje. Malamanmu sun daɗe suna ɓoye zance cikin rubutu. Marubuta waƙoƙi na zamanin jihadi, irin su Nana Asma'u, sukan rufe waƙa da ramzi, watau kalma wadda aka ɓoye shekarar Hijira a cikin baƙaƙenta. A hisabin da malamanmu ke bi, kowane baƙi yana da adadinsa: shinun 1000 ne, ra 200, fa kuma 80. Alal misali, in aka tarar da waɗannan baƙaƙe uku a ramzi, sai a tara su, a sami 1280, wadda ta yi daidai da 1863 zuwa 1864 ta Miladiyya. Wanda bai san hisabi ba zai rera waƙar ya wuce, bai san an gaya masa tarihi ba.

Haka kuma akwai hatimi. Mai gida tara shi ne mafi sauƙi: a jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta duk inda aka tara, a tsaye ko a kwance ko a karkace, jimla 15 ce. Wani malamin ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, ya yi rubutu da Larabci a 1732 a kan ƙa'idojin gina irin waɗannan gidaje na lissafi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. In muka haɗa da zaurance da kacici-kacici na dandali, za mu ga cewa Bahaushe ya daɗe da sanin daɗin warware ƙulli.

Yadda littafin zai kasance

To, mene ne zai hana mu gama waɗannan gado biyu? A ɗauki darasin jirgin ruwa. Sai a buga wa yaro warƙa mai baƙaƙe a warwatse, waɗanda ba su ba da wata ma'ana. In ya bi umarni daki-daki, ya ninka biyu, ya karyo kusurwoyin sama zuwa tsakiya, ya naɗo leɓɓan ƙasa, ya buɗe, sai baƙaƙe huɗu su haɗu a gefen jirgin su ba da TIGA. Daga nan malami ya sami ƙofar ba da labarin madatsar ruwan da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Darasin mafici ya fito da Falgore, na akwati ya fito da Riruwai da tarihin haƙar kuza. A shafin ƙarshe kuma a bar tambaya guda wadda ba za ta amsu ba sai an tattara baƙi ɗai-ɗai daga dukan darussan.

Amfanin wannan tsari uku ne. Na farko, takardar da kanta take yi wa yaro gyara: in ya kuskure ninki, kalmar ba za ta fito ba, sai ya warware ya sake, ko da malami yana can yana fama da sauran 'yan aji. Na biyu, yana tilasta karatu da lura. Yaron da ya saba da hadda yana iya rera shafi guda bai fahimci komai ba, amma ba ya iya ninka jirgi sai ya bambance dama da hagu, ciki da waje, rabi da rubu'i. Na uku shi ne lissafi. In ya yanki alwatika ya ninko kusurwoyinta uku su haɗu a kan gindinta, zai ga sun yi miƙaƙƙen layi, watau digiri 180. Gani kuwa ya kori ji.

Akwai kuma ribar da harshen kansa zai ci. Tun tsarin ilmi na ƙasa na 1977 aka yi maganar koyarwa da harshen uwa a farkon firamare, amma ƙarancin littattafai ya daɗe yana yi wa abin tarnaƙi. Mai rubuta umarni dole ya tantance tsakanin ninka da naɗe da lanƙwasa da karya da tanƙwara, don kuwa in ya yi sakaci da kalma ɗaya, jirgin yaro ba zai tashi ba. Wannan horo ne da mu kanmu muke bukata.

Ƙorafe-ƙorafe

Wasu za su ce makarantar da ba ta da isassun kujeru ina ita ina wasan takarda? Amsa ita ce babu kayan aikin da ya kai wannan araha, domin tsohon littafin rubutu ya isa. Sai dai wajibi ne a gargaɗi yara tun a shafin farko da kada su taɓa takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. Wasu kuma za su ƙyamaci hatimi saboda an san shi a hannun masu tsibbu. Abin da muke nema a cikinsa tarawa ce da jera lambobi, ba wani asiri. Ga iyayen da ba su son siffar mai rai, hula da akwati da mafici da kwalekwale sun wadatar.

Kammalawa

Kirana ga 'yan'uwa ɗalibai shi ne, maimakon kowa ya tafi nazarin jigo da salo a kundin neman digiri, wasunmu su gwada rubuta irin wannan ɗan littafi, ko mai shafi ashirin ne. Su kai shi wata firamare a Ƙiru ko Doguwa lokacin hutu, su zauna su ga inda yara suka cije, su dawo su gyara. Ƙungiyar Hausa tana iya sa gasa a kai a Makon Hausa, malaman lissafi kuma su duba mana ƙididdiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.